Yatsun Da Na Tara Na Miƙa Wa Wani

Ni mahauci ne a Madarumfa, fawa na gada wurin mahaifina. A lokacin da abin nan ya faru ina ji da kaina, don a kasuwa in na ce naman yau lafiyayye ne, ba mai sake tambaya. Abin da ya dame ni shi ne tumbin dabbobi. Sai ka yanka akuya ramammiya, ka farka cikinta, ka ciro baƙar leda a dunƙule kamar gammo. Ranar da na ciro irin wannan daga cikin tunkiyar da wata baiwar Allah ta yi wata takwas tana kiwo, na ce abin ya isa haka.

A rumfata shawarar ta fito: a ɗora harajin dala ɗaya, wato sefa biyar, kan kowace leda, kuɗin su tafi ga masu sharar kasuwa da bakin tabkin garinmu. Wani abokina tun na ƙuruciya, wanda ya yi lakwal, wato boko, ya rubuta takardar koke da Faransanci, ni kuma na ɗauki aikin tara yatsu, wato dangwalen masu goyon baya. Masu ƙosai da masu awara suka fi ba ni wuya, don babban ɗan kasuwar da ke shigo da leda ta garin Ɗan Issa na bakin iyaka, shi ne kuma motarsa ke sauke musu mai da wake har ƙofar gida. Suka ce suna tsoron ya ji. Na dafa ƙirji na yi musu alkawari ba idon da zai ga sunayensu sai na ƴan majalisar gari. Haka suka dangwala ɗaya bayan ɗaya, saboda ni.

Ranar kai takarda na yi wanka na sa babbar riga. Amma da na isa ƙofar zauren taro na hango manya zazzaune, sai tsohuwar kunyar nan ta gidanmu ta kama ni, wai yau mahauci ne zai miƙe gaban masu rawani yana yi musu bayani. Abokina ya ce in bar masa, shi ya san yadda ake magana da irinsu. Wallahi har daɗi na ji. Na miƙa masa takardar, ita kaɗai ce, na koma rumfa ina fiffita nama.

Takardar ba ta shiga zauren ba, hannun ɗan kasuwar ta faɗa. Sati bai cika ba motar ɗan kasuwar ta fara wuce gidajen matan nan, kuma na waɗanda suka dangwala kaɗai take wucewa. Bayan wata guda abokina ya buɗe shagon sarin leda a bakin tasha. Da na tare shi, ko kunyar ido bai ji ba, ya ce leda ba inda za ta, shi kuma yana da iyali. Mutumin da muka tashi muna cin tuwo kwano ɗaya ke nan. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Na bi matan gida gida ina ba da haƙuri, ina faɗin wanda ya ci amanarmu. Wata tsohuwa da tuyarta ta tsaya cak ta bar ni na gama, sannan ta dube ni.

“Ɗana, mu ba mu san shi ba. Kai munka ba yatsunmu.”

Gaskiya ta faɗa. Wasu sun koma tuya da kayan wani wuri mai tsada, ita kam ba ta sake ɗora kasko ba har ta rasu.

Na daɗe ina zagin abokina kafin na yarda cewa ni na buɗe masa ƙofa. Ban ji kunyar shiga gidajen mutane ina roƙon yatsunsu ba, sai a gaban manya na tuna ni mahauci ne. Don haka ƴan'uwa masu karatu, in mutane suka ba ku amana saboda fuskarku, ku kai ta da ƙafarku, ko da muryarku za ta yi rawa. Ni tawa muryar lafiya lau take, amma yanzu ko sunan jariri na gayyata sai an sake tambayar wani.