Yajin da Muka Sa wa Farashi da Naira

Gyaɗa nake nomawa a hawashata, gonar da na gada a bakin magudanar ruwa, kudu da Wad Haddad, a nan Sudan. Kowace kaka wani ɗan kasuwa yakan zo da mota daga Sinnar, ya tsoma hannu a buhu, ya tauna ƙwaya biyu, ya faɗi farashi yana kallon wani wuri. Shekara ashirin ina sayar masa. A shekarar da nake ba da labarinta, kafin yaƙi ya iso mana, na ce masa babu ta sayarwa.

Matata takan matse mai, ta soya ƙuliƙuli, ta daka shi da citta da barkono da kimba, ya zama yajin da masu agashe, wato tsiren ƙasarmu, suke barbaɗa wa nama. Wani maƙwabcinmu da ke aiki a Alƙahira ya tafi da gwangwani ɗaya. Bayan wata guda ya bugo waya, ya ce wata mai gidan abinci, 'yar ƙasarmu, tana son goma, kuma akwai irinta da yawa. Tambayarta ɗaya ce, ta ina za ta biya?

A cikin gida biya ta waya ba wuya. Mutum ya tura jinai, kuɗinmu na nan, daga bankinsa zuwa naka, ya nuna maka hoton shaida, an gama. Amma hanyar nan a kan iyaka take tsayawa. Wanda ke waje da katinsa a hannu ba shi da ƙofar shiga.

Lokacin ina shekara ta biyu a ajin yaƙi da jahilci na manya, bayan la'asar. Ustazunmu wani Balarabe ne, tsohon malamin firamare, mai son latsa waya. Ya ce akwai shafukan da ƙananan 'yan kasuwa ke buɗe kanti, mai saye ya biya da kati daga ko'ina. Da aka tashi muka zauna a bencin aji, muka sa hoton gwangwani. Sai aka zo wurin zaɓen ƙasa, domin a haɗa kantin da kamfanin da zai riƙa karɓar kuɗi.

Na bi jerin da yatsa sau uku. Babu Sudan. Muka duba jerin kuɗaɗe, ga dala, ga riyal, ga waɗansu da ban taɓa jin sunansu ba, babu namu.

"Sun manta da mu, ya hajj," in ji ustaz. Sannan ya ƙara: "Ko kuwa sun tuna, shi ya sa."

Ina komawa saman jerin ƙasashen sai na ga Najeriya, na nuna wa ustaz.

Kakana ya baro ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar hajji, ya tsaya aiki a Makwar don ya tara guzuri, bai ci gaba ba. A nan aka haifi babana, a nan aka haife ni. Duk da haka, da na je neman katin ɗan ƙasa, sau huɗu ana mayar da ni in kawo dattawan da za su shaida asalina. A kasuwa, in ciniki ya yi zafi, sai a ce ku koma Najeriyarku. Don haka na ce a raina, sunan nan da aka daɗe ana jifana da shi, yau ya yi mini amfani ko sau ɗaya ne.

"Kana da wani can?" ustaz ya tambaya.

"Akwai kaburburan danginmu."

"Kabari ba ya buɗe asusu a banki," ya ce, yana dariya.

Amma na danna, shafin kuwa ya karɓa. Ya ce ana iya kawo takardu daga baya. A wurinmu mutum ba ya karɓar amanar kuɗi sai ya san ta inda zai miƙa su, na ɗauka haka kamfani ma yake. Muka sa farashi da naira, kuɗin da ban taɓa riƙewa a hannu ba.

Mai gidan abinci ta biya. Waɗansu suka biyo baya, daga Alƙahira, daga Jidda. Duk saƙon da ya shigo sai in karanta wa matata tana bakin kasko.

"To ina guruss ɗin, Malam? Ina kuɗin?"

"Suna cikin waya."

"Ka gaya wa waya gishiri ya ƙare."

Al'adarmu ita ce, in mai saye ya ce ya biya, an gama magana, ka aika. Muka riƙa ba matafiya kaya amana, masu bin motar Masar da masu zuwa umara. Gyaɗar ta ƙare, saura mutum bakwai da suka riga suka biya. Na shiga ɗaki na jawo buhunan da muka ajiye don shuka. Ta tsaya a ƙofa da muciya a hannu.

"Malam, wanga iri ne."

"Za mu sayi wanda ya fi shi."

Ta je ta hura wuta.

Ranar da na nemi cire kuɗin, shafin ya ce in kawo lambar asusu a bankin Najeriya, da katin ɗan ƙasar Najeriya, da hotona ina riƙe da shi. Na aika katina na Sudan, wanda na sha wuya kafin in samu. Bayan kwana biyu aka ce bai dace da ƙasar da na zaɓa ba. Muka rubuta a canza ƙasar. Aka ce ba sa aiki da Sudan. Muka sake rubutawa, muka bayyana komai tun daga kakana. Amsar ta dawo da kalmomi iri ɗaya, ko harafi ba a canza ba. Na tambayi dattawa a masallaci ko akwai mai sauran dangi a can. Suka tuna sunan gari, suka tuna sunan wata rijiya, babu mai lambar waya.

Wata uku ana haka, sannan aka rufe kantin, wai na ba da bayanin ƙarya. Aka mayar wa kowane mai saye kuɗinsa.

Mai gidan abinci ta kira ni da kanta.

"Ya ammi, kuɗina sun dawo mini. Ni dai da na ga naira na ce, ashe ku ma kun yarda can ne gida?"

Wasa take yi, na sani. Ita ce kuma ta yi gaskiya, ta aiko ta hannun wani mai canji, wanda ya yanki abin da ya ga dama. Mutum biyu suka bi sahunta. Sauran na yi ta kira. Waɗansu suka ce sun biya sau ɗaya, abin da ya faru tsakanina da kamfani ba ruwansu. Waɗansu ba su ɗauka ba. Ban san fuskokinsu ba, balle in san wa zan aika musu ya yi magana.

Ustaz ya zo har gida ya ba ni haƙuri. Na ce masa ba shi ya danna ba.

Da aka saki ruwan shuka, abin da ya shigo hannuna bai kai kuɗin iri da na noman rabin gona ba. Ɗaya rabin na ba wani maƙwabci, ya kawo iri ya noma, mu raba amfani. Matata ta fara bin matan unguwa zuwa ciran ciyawa a gonakin mutane, aikin da ba ta taɓa yi ba tunda aka kawo ta gidana. Da safe takan ɗaura zanenta ta fita ba tare da ta dube ni ba, ni kuma in yi kamar ina gyaran igiyar jaki har ta sha kwana.