Kiɗan da Kaka ta ajiye a maƙogwaro

Duk wanda ya ce maka a Jidda ana zama gefen wuta don jin ɗumi, ƙarya yake yi. Zafin unguwarmu Sa'alaba kan dafa ƙwai tun yana cikin kaza. Amma mu ma muna da tamu wutar: ɗan kaskon gawayin da Kaka Dije take ɗora shayi a saman soro bayan magariba. Mu bakwai jikokinta muke zagaye ta, muna tsiyayar zufa kamar sabuwar randa, don sai shayi ya tafasa labari yake fitowa.

Labarin kuwa ɗaya ne, na mijinta, kakanmu Usta Bukari. Ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa. "Buhun shinkafa a wuya, kiɗa a ka," in ji Kaka. Takunsa a kan katakon hawa jirgi shi yake ba shi kari, kafin ya sauke buhu na ashirin ya ƙaga sabon sauti. A wancan zamani ba a kiɗa a fili, saboda haka udunsa, garayar nan ta Larabawa mai tulun ciki, a buhun gawayi take kwana. Kuma bai iya rubuta kiɗa ba. Kaka ce takardarsa. Yana shigowa gida, ko takalmi bai cire ba, sai ya ce, "Dije, riƙe min wannan!" Ya rera mata sau uku, ya tafi wanka.

"Ni kuwa ina tsakiyar tuƙa asida, tuwon Larabawa," takan ce. "Wata rana na haɗe masa sautuka biyu, kan wannan da wutsiyar wancan. Kwana uku bai yi min magana ba. Rana ta huɗu ya zo yana sosa ƙeya, wai haɗin ya fi daɗi."

Da aka sassauta hana kiɗa, gidan rediyo ya ɗauke shi. Masu goge daga Masar suka zauna da takardu suna zana sautukansa, ɗigo-ɗigo kamar tururuwa sun hau igiyar shanya. Ya ba su duka, ban da guda ɗaya: wanda ya ƙaga wa mahaifiyarsa, wadda ta taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ta shekara bakwai kafin ta ga Makka. "Wannan na gida ne," ya ce. Ya rasu ina rarrafe. Duk duniya babu inda sautin ya rage sai maƙogwaron Kaka.

Shi ya sa labari na ƙarewa takan ce, "Yalla, ku buɗe baki." Sautin a hankali yake tafiya, kamar mai ja da ƙafa a rairayi, sannan a tsakiya ya hau. Ni kuwa, Zulai, da ba a haife ni don a zauna lafiya ba, daidai wurin hawan nake tsinke murya in yi irin shessheƙar jakin mai sayar mana da ruwa. Yara su zube da dariya, mafici ya sauka a kaina.

"Ya bint, ke yarinyar nan! Surukata shekara bakwai tana tafiya, ko sau ɗaya ba ta yi kukan jaki ba!"

"Kaka, wataƙila a kan jaki ta zo."

"A ƙafa ta zo, don gidanku! Sake min daga farko."

Na sake ya fi sau dubu. Da jakin.

Bara waccan Kaka ta rasu. Bayan baƙi sun watse, Baba, ɗan Kaka, ya tara mu a soro ya ce, "Wa ya riƙe sautin?" Sauran duk suka sunkuyar da kai, waƙoƙin rediyo sun cika musu kunne. Ashe ni da na fi kowa maimaitawa, ni kaɗai na riƙe. Na fara, komai daidai, har na zo wurin hawan. Muryata ta tsinke da kanta. Na koma baya, ta sake tsinkewa. Na lalubi abin da yake wurin tun asali, ban same shi ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Baba, wanda ko kiran kaji bai iya da kari ba, ya ce, "Haka yake?"

Na faɗa masa gaskiya ina kuka. Ya kalli kaskon Kaka, sannan ya ce, "Halas, shi ke nan. Kwana uku ba zan yi miki magana ba."

A da na ɗauka Kaka tana ba mu labarin asidar nan ne don mu yi dariya. Yanzu da nake koya wa ƙannena sautin a soron nan, ina jin faɗa mana take yi cewa abin da aka ajiye a bakin mutum sai ya ɗauko ɗanɗanon bakin, kuma duk da haka gara shi da a rasa.

Baba ya cika kwanakinsa uku cif. Rana ta huɗu na ji shi yana ɗaura agogo zai fita, yana gunaguni da sautin Usta Bukari. Da ya zo wurin hawan, ya yi jakin.