Kofin Ruwa a Gefen Tsuntsu

Lokacin korona ina aikin ɗaukar kaya a wani shagon tsofaffin kayayyaki a unguwar Bukit Bintang, can ƙasar Malesiya. Mai shagon tsoho ne ɗan Cana. Ankul nake ce masa, shi kuma ya ce mini Haji, alhali ko filin jirgin Jidda ban taɓa gani ba.

A kabad ɗin gilashi akwai wani baƙin akwatin Japan mai sheƙi kamar jiƙaƙƙe. An zana tsuntsu a murfinsa da ruwan zinariya, kai irin na zakara, wutsiya har ta zagayo gefe. Kullum da ɗan kofin ruwa a kusa da shi. Ankul ya ce tsuntsun ba ya saukowa sai duniya na zaune lafiya. Na ce ashe zai daɗe a sama.

Da aka kulle gari, tari ya kama Ankul. Kafin a kai shi asibiti ya aiko mini da makulli, ya kira ni.

"Haji, ɗan kofin nan na gefen akwati, kada ya bushe. Boleh?"

Na ce boleh, wato zan iya, da yaren ƙasar. Sai da na ajiye waya na soma tunani. Ni, da furfurata, in koma shayar da zane? Mece ce shirka in ba wannan ba?

Amma na riga na amsa. In je, titi wayam sai hankaki, in tarar ruwan ya ragu. In cika, in fito ina istigfari. Idon nan na zinariya kuwa har cikin sujada nake ganinsa.

Na kai kukana wurin wani ɗalibi maƙwabcina a unguwarmu ta Danau Kota. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Haba Baba! Esi ne, na'urar sanyaya shagon, ke shanye ruwan. Fentin ne ba ya son bushewar iska, tsagewa yake yi."

Ranar na ci tuwo da daɗi.

Ankul bai fito daga asibitin da rai ba. Bayan an buɗe gari 'yarsa ta zo kwashe kaya. Ta ce da aka kara masa waya a kunne, bai tambayi jikokinsa ba. Cewa ya yi, "Tsuntsun ya sha kuwa?"

Ta dube ni. Amsa take so ta tafi da ita.

Na ce ya sha. Har yau ban san a kan me na ba da shaida ba.