Ƙofar Baya ta Motar Luan Desheng

A unguwarmu ta bayan tashar jirgin ƙasa a Jiamusi, garinmu na can arewa mai tsananin sanyi, duk wanda ya manyanta ya yi barci da ɗumin Luan Desheng. Shi ne mai hura wutar tukunyar da ke tura ruwan zafi cikin bututun gidajenmu. Tun yana saurayi ya karɓi shebur daga hannun mahaifinsa, kuma daga zubar ganye har narkewar kogi ba ka ganinsa sai da baƙin kwal a gefen ido. Gajere ne mai faɗin ƙirji, in yana magana kamar yana kiran wani daga tsallake. Yana da kalma ɗaya da yake ji da ita, wai ba a taɓa jin sanyi a hannunsa ba. Gaskiya ce kuwa, don ko a shekarar da kwal ya yi wuya, ɗakunanmu ba su huce ba.

Ni maƙwabciyarsu ce, ƙofa na kallon ƙofa. Tare muke jiƙa kabejin da za mu ci da sanyi ni da matarsa Guifen, shi ya sa na san abin da na sani.

Da aka rufe ƙananan tukwane aka haɗa unguwanni da babbar tashar dafa ruwa, sai aka sallame shi ya huta. Hutun bai karɓe shi ba. In ya shigo gidanka, kafin ya gaisa sai ya dafa bututu, ya girgiza kai, ya ce yaran yanzu ba su san wuta ba. Ana cikin haka, da bazara, ya tattara abin da ya tara ya sayo motar lantarki, fara tas, ba ta ko tari. Ya zaga unguwa da ita a hankali, gilashi a sauke.

Wani direban tasi mai suna Gai, wanda ba ya ganin abu ya ƙyale, ya leƙa ciki ya ce, "Yaya Luan, amarya ta yi kyau. Amma wannan 'yar kudu ce, bari sanyi ya zo mu ga ko za ta zauna."

Desheng ya ce shi da ya ɗumama unguwa guda, akwatin ƙarfe mai ƙafa huɗu ba zai gagare shi ba.

Sanyi ya zo. Wata safiya ya wanke motar da ruwan ɗumi don zuwa gaida wani abokinsa, ruwa ya shige bakin ƙofar baya ta dama ya daskare. Ya ja, ta ƙi. Maimakon ya jira ta saki, sai ya sa ƙarfin mai shebur ya fizge ta, robar da ke zagaye da bakin ƙofar ta yage daga ƙasa. Ya waiga, ba kowa. Ya mayar da ita, ya shafa mata gam, ya rufe. Zuwa gareji yana nufin Gai zai ji, don haka bai je ba, bai kuma gaya wa kowa ba.

Guifen ba ta zama gaba, tana tsoron ganin manyan motoci na tunkaro ta. Wurinta kullum baya ne, jikin wannan ƙofar. Ba a jima ba ta fara cewa wata siririyar iska tana sukar idon sawunta, tana hawa har gwiwa. Ya ce tsufa ne. Ta ce tana jin fito in sun yi gudu. Ya ce kunnenta ne. Shi a gaba kujerarsa tana da nata ɗumin, ga sitiyari da ɗumi, kuma hitar ɗumama motar yakan rage ta don tana shan batir kamar raƙumi ya sami rijiya. Da ta fara shiga da bargo, ransa ya ɓaci, ya ce so take maƙwabta su ce motarsa firji ce. Daga nan ta daina magana. Takan naɗe bargon a jakar cefane, sai sun bar unguwa ta fito da shi. Ni nake shafa mata man zafi a gwiwa, in na ce ta sake gaya masa sai ta ce mutumin da aka raba da wutarsa, motar nan kaɗai ta rage masa.

'Yarsu ɗaya ce, Ning, tana aiki can kudu a bakin teku, inda ba su san ƙanƙara ba sai a cikin kofi. A can ta sami miji, ɗan gidan Pang. Aka sa biki a tsakiyar sanyin shekara ta gaba, domin iyayen ango suna marmarin ganin dusar ƙanƙara, kuma aka ce a ƙauyen su Guifen za a yi, saboda kakar amarya ba ta iya tafiya. Ƙauyen da nisa, hanya ce miƙaƙƙiya cikin gonaki, ba abin da ke tare iska. Ning ta ce a ɗauki hayar babbar mota. Desheng ya ce yana raye, surukansa ba za su shiga motar haya ba.

Ranar tafiyar, tun kafin ya sauko, Guifen ta ɗauko wani tsohon dogon wandonsa na ulu, ja, irin na ciki, ta yanke ƙafa ɗaya, ta cusa a ƙasan ƙofar inda iskar ke shiga, ta tura shi sosai yadda ba za a gani ba. Niyyarta ita za ta zauna a wurin. Amma da suka ɗauko baƙin daga masauki, uwar ango, wata 'yar siririyar mata mai yawan murmushi, ta shiga ta ɗaya ƙofar ta matsa har can jikin tagar ƙofar mai iskar, ta ce tana so ta ga gonaki sun yi fari. Guifen ta yi ta lallashinta su canza, ita kuwa ta ɗauka kara ce ake yi mata, ta ƙi. Uban ango ya zauna gaba. Amarya da ango sun riga sun wuce a motar abokai, ni ma da su na tafi.

Sanyin ranar irin wanda gashin hanci ke daskarewa ne. Da suka bar gari, Desheng ya ga cajin yana zubewa fiye da yadda ya yi lissafi, kuma babu wurin caji a hanyar. Ya miƙa yatsa a hankali ya rage hita, can ya sake ragewa. Don kada a lura, sai ya ɗaga murya yana ba uban ango labarin zamanin tukunya, da yadda motar nan take riƙe ɗumi kamar ɗakin amarya. Guntun wandon ya tare wani abu, amma bai tare duka ba. Iskar ta sami hanya ta gefensa tana fito. Guifen ta shimfiɗa wa baƙuwar bargo, ta kama hannunta ta ji shi kamar ƙarfe. Duk lokacin da Desheng ya tambaya ta madubi ko lafiya, matar sai ta ce, "Lafiya lau, suruki. Garinku akwai kyau."

Suna isa, duk dangi suna waje, ana ta fasa 'yan tartsatsin biki, matasa sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Desheng ya fito da sauri, ya zagayo, ya buɗe wa uwar ango ƙofa da kansa, har da ɗan rusunawa. Ƙafar wandon ta faɗo. Bakin ƙyallen ya daskare ya manne da gefen rigar matar, don haka da ta zuro ƙafa, sai ga jan wando yana reto a jikinta, da facin da Guifen ta taɓa yi masa a gwiwa.

Ƙanen Guifen, wanda ya riga ya ɗan taɓa giyar dawa, ya ce, "Yaya, ashe motar har wando take sawa? To ina ɗaya ƙafar?"

Aka kwashe da dariya. Dariyar ba ta yi nisa ba, domin matar ta yunƙura ta tsaya, ƙafarta ta dama ta ƙi ɗaukarta. Ɗanta ne ya tare ta kafin ta kai ƙasa.

Da Desheng ya yi shiru a nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma kunya ta rufe masa ido, ya juya kan matarsa a gaban surukai da dangi, ya daka mata tsawa wane ne ya cusa wannan tsumma a motarsa.

Guifen ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ni ce, tsoho. Tun bara nake gaya maka."

Ta tsuguna ta ɓamɓare wandon daga rigar baƙuwar, ta cusa a aljihunta, ta bi su ciki. Ina tsaye kusa, na ga wuyan Desheng ya yi ja har kunne. Ya rufe ƙofar, ya sake buɗewa, ya sake rufewa, kamar mai neman abin yi da hannunsa.

Kafin gari ya waye zazzaɓi ya rufe uwar ango. Aka kai ta ƙaramin asibitin gunduma aka sa mata ƙarin ruwa. Biki ba ya jira, aka yi shi, amma lokacin da amarya da ango suka durƙusa miƙa wa iyaye shayi, kujera ɗaya ba kowa a kanta. Matar ta taso tun daga bakin teku don wannan kofin, wani ne ya kai mata shi asibiti a cikin gora. Da aka ba Desheng abin magana ya yi jawabin uban amarya, mutumin da ake jin muryarsa daga tsallake ya ce a ci abinci kada ya huce, ya zauna. Abin da ya fi cin sa, uban ango ya zo ya dafa kafaɗarsa ya ce laifin nasu ne, ba su sa kaya masu kauri ba. Daga baya Desheng ya gaya mini da mutumin ya zage shi, da ya fi samun sauƙi.

Ranar komawa, bayan motar ta kwana tana shan wuta a gidan surukarsa, Ning ta miƙa hannu ta ce ya ba ta makulli. Ta zaunar da uwarta a gaba, ta ce ta rufe ido in tana tsoro. Sannan ta buɗe ƙofar baya ta dama.

"Baba, shiga nan."

Ya shiga. Ina gefensa, don da su na dawo. Ba mu yi nisa ba na ga ya janye ƙafa, can ya mayar da ita wurin da gangan, ya bar ta. Iskar tana shigowa siririya kamar bakin wuƙa, hita a buɗe take amma ba ta kai nan. Na miƙa masa bargo ya ture. Har muka shiga gari ƙeyar matarsa kawai yake bi da ido.

Da maraice na shiga kai musu miya, na same shi ya ɗora ruwa, ya zuba a roba da citta, ya ajiye gaban Guifen, yana tsugune yana cire mata safa. Ban taɓa ganin haka a gidan ba. Ita ma ta rasa inda za ta sa ido, sai ta ce ruwan ya yi zafi da yawa. Ya tashi ya surka. Ya ce, yana kallon robar, shi ne ya yaga ƙofar tun bara, ya liƙe da gam. Ta ce ta sani, ta ga gam ɗin a hannun rigarsa ranar.

Gyaran bai ɗauki ko tsawon shan shayi ba. Bakaniken ya zare tsohuwar robar, ya ɗaga ta sama, ya tambaya wane mai hikimar ne ya yi wannan aikin, ga Gai mai tasi a tsaye yana jiran a duba masa taya. Desheng ya ce shi ne. Gai ya dubi fuskarsa, ya juya ya koma wajen tayarsa. Amma hoton bikin ya riga ya zaga wayoyin unguwa, kuma yara sun sa masa Jan Wando. Har kogi ya narke bai zauna a dandalin 'yan dara ba.

Uwar ango ta warke, suka koma kudu, ta aiko da busasshen kifi da gaisuwa mai yawa. Ko sau ɗaya ba ta ambaci motar ba. Da Ning ta haihu, suka gayyaci kakanni su zo su ga jika. Guifen ta tafi ita kaɗai, da buhun busasshen naman kaza, irin mai tsirowa a daji, da shi ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya a kasuwa. Bayan ta dawo, in sun kira ta waya mai hoto, yakan tsaya gefe inda ba za a gan shi ba, yana leƙen jaririn. In uwar ango ta ce ina suruki, sai ya yi wa Guifen alama da hannu ta ce ya fita.

Kwanan baya muka haɗu a matakala, yana ɗauke da cefane. Ya tsaya, ya sauke murya, ya tambaye ni me ake kai wa mutumin da ka cuta, alhali shi ya ƙi yarda an cuce shi. Na ce ba abin da ake kai masa, zuwa ake yi. Ya ce tafiyar jirgin tana da nisa, kuma an ce zafin can ba ya yi wa mutanenmu daɗi. Na ce haka ne. Sannan ya tambaye ni ko ɗana zai iya nuna masa yadda ake sayen tikiti a waya.