Miyan 'Yan Kokawa

Ina da shekara arba'in da ɗoriya, ina koyar da motsa jiki a wata sakandare a Wurno, na koma jami'a neman digiri na biyu. Malamar da ke duba aikina ta zaɓa mini bincike: in auna garkuwar jikin 'yan wasa kafin wasa da bayansa. Ba jini za a ɗiba ba, miyau ne kawai. Ta kuma gargaɗe ni cewa wa'adina ya kusa cika, in na wuce shekarar nan sai dai in fara daga farko.

Na yi murna, don a ganina miyau abin banza ne, kowa zubar da shi yake yi a hanya. Bayan kaka na ɗaure kula cike da ƙanƙara a bayan babur, na nufi Rimawa wajen 'yan kokawa.

Na same su su goma sha biyu da dattijon da ke horar da su. Na yi bayani har bakina ya gaji. Dattijon ya juya 'yar kwalbar a hannu.

"Malam, mi za ka yi da miyan mutum ana gobe kokuwa?"

"Baba, aunawa za a yi a Sakkwato."

"In an kai ma abokin karawa tai hwa?"

Na rantse, ba su yarda ba. A ƙarshe ya yanke hukunci: duk wanda zai ba ni nasa, sai na fara ba shi nawa ya riƙe. In an yi masa asiri, ya san inda zai rama.

Haka na zauna a kan turmi, ni da nake shugaban sashe a makaranta, ina kallon tsamiya don bakina ya kawo ruwa. Kwalba ashirin da huɗu na tofa cikin kwana biyu. Kowane ƙato ya karɓi tawa da wata wadda babu komai, ya zaga bayan zana don kunya, ya dawo ya miƙo mini ɗaya in rubuta lamba. Har daɗi na ji da ladabinsu.

Da sakamako ya fito, malamar ta kira ni ofis. Ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan ba: mutum goma sha biyu kamar an buga su a inji ɗaya, kokawa ba ta canza musu komai ba, garkuwarsu ƙasa, alamun damuwa kuma sun yi yawa. Har ta fara zancen buga takarda a mujallar bincike.

Na koma Rimawa in ba su shawara su kula da kansu. Dattijon ya saurare ni tsaf.

"Ai naka na munka maishe ma, Malam. Mun ga kai ka son abin."

Na hau babur, haushi bai sake ni ba har na wuce Goronyo. Mako guda ina tunanin in yi shiru, wa zai sani? Amma na kasa, na je na faɗa wa malamar. Ta daɗe tana kallon takardun, na san shekarar ta tafi.

"To, Malam," ta ce a hankali, "mutum guda dai mun auna shi da kyau. Me ke damunka haka?"

Tun rasuwar matata babu wanda ya yi mini wannan tambayar. Na zauna na gaya mata.