Muciyar Maƙwabcina

A Maisandari katanga ɗaya ce ta raba gidana da na wani mai girkin biki. Ɗan daudu ne, kowa ya sani, ba kuma wanda abin ya hana barci. Biki ko suna, in ba shi ya yi burabuskon ba, sai mata su ce an yi rowa. Ranar da mijina ya rasu, shi ya ɗora tukunyar sadaka tun kafin dangi su iso daga Khaddamari.

Da zaɓe ya matso, wani mai neman kujera ya kira taro a fili, aka ba maƙwabcin nawa aikin abinci. Ni na taya shi wanke tsaki. Mu mata abu ɗaya ya kai mu, rijiyar burtsatsen unguwa da ta daɗe da lalacewa. Bayan an ci an sha, wata dattijuwa ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, maganar ruwa fa?"

Mutumin ya gyara hula. Ya ce ruwa na Allah ne, kuma Allah ba ya ba unguwar da maza ke ɗaura zane. Wai abokin hamayyarsa ke ɗaure musu gindi, amma in muka zaɓe shi zai share mana ƙazanta. Fili ya ɗauki kabbara. Ina kallon bakinsa, wallahi man miyar bai bushe a leɓensa ba.

Samari suka ajiye faranti suka nufi layinmu. Suka lotsa tukwanen maƙwabcina, suka rushe murhu, suka ɓalle ƙofa. Yana tsaye yana cewa, "Haba 'ya'yana," don da ƙanzon tukunyarsa yawancinsu suka girma. An ci moriyar ganga an yada kwaurenta. Da zai bar gari ya miƙo mini muciyarsa ta saman katanga, ya ce, "Yaya, riƙe wannan, ba ta shiga jaka." Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Mutumin ya ci zaɓe. Ruwa kuwa har gobe sai mun jira ɗan garuwa.

Bara zai aurar da 'yarsa, sai ga direbansa a ƙofata. Wai Hajiya, matar maigidansa, na tambayar inda mai burabuskon nan ya koma, manyan baƙi za su zo. Na shiga ciki na ɗauko muciyar na danƙa masa. Na ce ya kai wa Alhaji ya tuƙa da kansa.