Tsumma a Bakin Inji

A lokacin da abin nan ya faru ni direban a-kori-kura ne a Illela, matashi mai ji da hannunsa, ban daɗe da aure ba. Motar ta gado ce, mai shan gas, mahaifinmu ya bar mana ni da yayana. Da aka zo rabo muka bar ta a haɗe, don Inna ta ce ba za ta iya ganin wani yana yawo da motar Baba a cikin gari ba. Ni ke tuƙi, ina ɗauko albasa daga Kalmalo da Lafani in tsallaka da ita Kwanni. Shi kuwa Yaya aikinsa zama a inuwa da ba da umarni. Ban taɓa ganin sufana a hannunsa ba, amma in ana hirar mota a majalisa muryarsa ce a sama.

Gab da cirar albasa motar ta soma wani irin fito, tana zubar da shuɗin hayaƙi, tana shan baƙin mai kamar ruwa, ga shi ba ta da ƙarfi. Na gane tarbo ne, wannan ƙarfen mai kama da dodon koɗi wanda farfelar cikinsa ke tura iska cikin inji. Na ce mu kai gareji a Sakkwato. Yaya ya yi tsalle ya dire, wai kanikawa ɓarayi ne, za su cire mai kyau su sa ruɓaɓɓe, a gida za a kwance a gaban idonsa. Na sha taya kanikawa aiki, don haka na yarda. A gindin dogonyaron ƙofar gida na bar inji ya huce, na cire batir, na kwance tiyo da bututun mai, na sha wuya da notukan salansa da tsatsa ta cinye. Duk ramin da na buɗe sai in cusa masa tsumma don kada yashi ko noti ya faɗa, daga wani tsohon jan zane na matata na yayyago su. Da na sauke tarbon na taɓa farfelar sai na ji tana girgiɗi kamar haƙorin tsohuwa, bakinta duk ya gutsure. Yaya ya tsallaka Kwanni ya sayo wani na hannu.

Ranar ɗaurawa Baffanmu, ƙanen Baba, ya zo ya zauna a tabarma, abokan Yaya ma suka taru. Na ɗora tarbon, na zuba masa mai, na ɗaure komai, saura babban tiyon da ke shiga bakin inji. Sai na shiga gida na wanke hannu na yi azahar. Da na fito na tarar Yaya ya naɗe hannun riga, ya ɗaure tiyon da kansa, ya rufe bonet, yana nuna wa abokansa baƙin mai a tafinsa kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Na dubi ƙasa. Tsummokaran da na ciccire suna nan, amma ban ga na bakin inji ba. Na sake dubawa. Yaya ya lura, ya tambaye ni da ƙarfi wai mi nike dube-dube, ko aikinshi zan bincika. Baffa ya ɗago kai ya zuba mini ido. A gidanmu ƙarami ba ya bin bayan aikin babba, yin haka daidai yake da ka ce masa maƙaryaci a bainar jama'a. Na ce a raina wataƙila ya goge hannu da shi ya sa a aljihu. Na haɗiye tambayar, na shiga na murɗa makulli da hannuna.

Injin ya tashi lafiya. Yaya ya ce in taka totur su ji. Na taka. Motar ta yi wani tari, ta yi ƙara kamar an jefa guduma cikin tukunya, ta mutu. Bakaniken da aka ƙi tun farko shi aka ɗauko, ya buɗe kan inji ya riƙa zaro jan zare ƙonanne, bawul sun lanƙwashe, fistin ya tsage. A nan Yaya ya nuna mini ko shi wane ne. A gaban kowa ya tambaya wa ya cusa tsumman. Na ce ni ne. Ya juya ga Baffa ya ce to an dai ji da kunne. Na buɗe baki zan ce wa ya rufe a kansa, Baffa ya daka mini tsawa, wai ba a ja-in-ja da babba, in na yi ɓarna in ɗauki abina. Duk waɗanda ke zaune sun ga wanda ya ɗaure tiyon nan, ba wanda ya ce uffan, munafukai.

Manoman Kalmalo suka ba wasu lodinsu, ban ga laifinsu ba. A tasha aka laƙaba mini suna Mai Tsumma, babu mai ba ni makullin motarsa. Abin da ya fi ƙona mini rai, matar Yaya ta bi gidaje tana cewa ai zanen matata ne, a bincika da kyau. Baiwar Allah da ko bonet ba ta san yadda ake buɗewa ba aka mayar mai asiri. Inna ta yi ta roƙo mu shirya har ta koma ga Allah ba mu shirya ba. Motar Baba tana nan kan duwatsu, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Ni da Yaya masallaci ɗaya muke salla, in an sallame kowa ya ɗauki takalminsa. Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau ban yafe masa ba, kuma na fi jin haushin kaina.

Ga masu taɓa mota a gida, wanda ya kwance shi zai ɗaure, kada ku bari wani hannu ya shiga tsakani ko na wane ne, kuma kada a tayar sai an ga kowane tsumma a ƙasa. Ga ƙannai irina kuwa, girmama na gaba wajibi ne, amma inji bai san wa da ƙane ba. Da na yi tambayar nan, iyakaci a zage ni a ce ba ni da kunya, gobe a manta. Na yi shiru don in tsira da zumunci, sai na rasa motar, na rasa sunana, na rasa yayan nawa. Abin da na kasa faɗa kuwa bai fi tambaya ɗaya ba: Yaya, ka cire tsumman?